Numfashin da Maestra Nives Take Sata

Shekara ashirin da shida na yi ina kaɗa wa Nives Cavatorta fiyano, kuma akwai wata gaskiya da na sani tun shekarar farko amma na danne ta har sai da wani ya riga ni faɗa. Sunana Ermes. Ni ba mawaƙi ba ne, muryata ko akuya ba za ta yi ƙyashinta ba. Aikina in zauna a gefe in bi mai waƙa da yatsu, in ta yi sauri in yi sauri, in ta tsaya in tsaya. A nan garinmu Parma masu irin aikina ba a tafa mana, ba a kuma yi mana fiton raini. Muna nan dai kamar kujerar ɗaki.

An haifi Nives a tsallaken kogi, unguwarmu ta talakawa, inda kowane mai aski yake ganin ya fi madugun makaɗa sanin opera, wasan kwaikwayon nan da ake yi da waƙa. Uwarta wankau take yi, ubanta kuma yana aiki a rumbun cuku, yini yake yana juya manyan dunƙule yana goge su. Tana da shekara goma sha tara ta fara hawa dandamali. Ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba: ba ta taɓa zama irin waɗanda ake buga hotonsu a jarida ba. Shekara goma sha biyar ta yi tana bin ƙananan garuruwa a jirgin ƙasa, da akwatin kayan wasan da ita da uwarta suka ɗinka, yau ta zama sarauniya, gobe baiwa, jibi ta kwana a masauki mai kuɗin cizo. Takan ce min, "Ermes, a kan dandamali an kashe ni da wuƙa, an kashe ni da guba, na mutu da tarin fuka ya fi sau ɗari, amma ba wanda ya taɓa zuwa yi wa uwata ta'aziyya."

Abin da aka san ta da shi numfashi ne. Akwai dogayen baitoci da mawaƙa suke raba su biyu don su huta a tsakiya, ita kuwa sai ta ɗauko tun daga farko ta kai shi har ƙololuwa da numfashi ɗaya. Mutanen benen sama, masu tikitin araha da baƙin baki, sukan riƙe numfashinsu tare da ita don su ga wa zai riga sarewa. Kullum su ne suke sarewa.

Tana da shekara talatin da huɗu ciwon huhu ya kama ta a wani hunturu, har likitoci suka yanke mata wani sashe na huhun hagu. Da ta warke, muryar tana nan yadda take, amma iskar da ke ɗauke da ita ta ragu. Sai ta koyi sata. A tsakiyar dogon baiti, dab da za ta hau sama, takan saci ɗan numfashi kaɗan ta yi masa ado ya zama kamar shessheƙar kuka, kafaɗarta ta hagu ta ɗan ɗaga. A wasu garuruwa mata har hawaye suke yi, suna cewa ciwon ya ƙara mata taushin zuciya. Amma nan gida ba a yi wa mutane wannan wayon. Wata Lahadi da rana, ta saci numfashinta ke nan, sai wani daga sama ya ce da ƙarfi, "Nives, in kin gaji ki zauna, ba sauri muke yi ba." Aka fashe da dariya, fito ya biyo baya. Ta daure ta kai wasan ƙarshe, ta mutu yadda aka rubuta mata ta mutu, ta wanke fuskarta ta tafi gida. Ba ta sake hawa dandamali ba.

Sai ta kama ɗaki a hawa na uku, saman shagon mai gyaran takalmi, ta fara koyar da waƙa. A nan na shigo labarin. Tun daga lokacin kowa Maestra yake ce mata, wato malama, har mai sayar mata da ƙwai.

Koyarwarta irin ta da ce, yadda malaminta ya koya mata. Ba ta da dogon bayani. Takan tsaya ta dafa fiyano da hannu ɗaya ta ce wa ɗaliba, "Saurara, ki maimaita." Sai ta rera baitin, ɗaliba ta bi. In ba daidai ba ta sake rerawa, sau goma, sau ashirin. Ni da nake zaune ina kallon fuskarta na san ba don ɗaliba kaɗai take yi ba. Da zarar ta buɗe baki sai shekaru su sauka daga kanta. Ɗakin nan mai warin fata da man goge takalmi shi ne dandamalin da ya rage mata a duniya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Yara masu huhu biyu lafiyayyu suna sauraronta suna maimaitawa, suna maimaita komai, har da satar numfashin. A daidai wurin da take tsayawa suke tsayawa, da 'yar shessheƙar, da kafaɗar hagu. Su a ganinsu salo ne. Ita kuwa ba ta ji, domin abin ya zame mata jiki har ta manta cewa ba haka waƙar take ba. Ni ne na ji. Ni ne kuma na rufa asirin, domin duk lokacin da aka zo wurin sai yatsuna su dakata rabin bugu su jira. A ɗakin nan fiyano yana jira, saboda haka ba wanda ya taɓa makara.

Me ya hana ni magana? Tsoro ne, da ƙauna. Ina ƙaunar matar nan, wannan ma ban taɓa faɗa mata ba. Na san in na ce mata muryarta ce take lalata yara, za ta rufe baki, in kuwa ta rufe baki ban san abin da zai rage mata ba. Sai na riƙa lallashin kaina: ai yawancinsu 'ya'yan masu kantin magani ne da lauyoyi, waƙar tasu ba za ta wuce coci da bikin aure ba, wa zai mutu don sun yi haki a tsakiyar baiti? Haka muka yi shekara goma sha huɗu.

Sannan Doriana Belicchi ta hawo benen. Shekararta ashirin, tana aiki a masana'antar tumatirin gwangwani, hannayenta duk sun yi ja sun tsattsage. Maestra ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma fa? Miya kika kawo mana?"

"Waƙa nake so in koya, Maestra."

"Kowa ma so yake. Buɗe baki mu ji. A'a, buɗe shi sosai, 'yar nan, ba zunubanki kike raɗa wa fada a coci ba."

Yarinyar ta buɗe. Gilashin taga ya yi rawa, mai gyaran takalmi a ƙasa ya daina buga guduma. Ƙirjinta kamar zugazugin maƙera, iska ba ta ƙarewa. Maestra ta ce, "Muryar jaki ce, amma jaki mai tsada. Ki dawo ranar Talata." Da yarinyar ta fita sai ta zauna a bakin kujera.

Shekara huɗu suka yi tare. Maestra ba ta da ɗa ba ta da jika, sai ta zuba komai a kan Doriana. Ta koya mata tafiya, ta koya mata yadda ake faɗuwa a dandamali ba tare da an fasa gwiwa ba, ta hana ta magana ranar da za ta yi waƙa, ta ɗura mata ɗanyen ƙwai har ta daina yamutsa fuska. Ranar Lahadi ta dafa mata romo da anolini, taliyarmu mai nama a ciki, ta tsaya a kanta sai ta cinye. Yarinyar kuwa ta ɗauke ta kamar uwa. Yadda Maestra take ɗaura ƙyallen wuya haka take ɗaurawa, yadda take tsaki haka take yi. Numfashin ma ta ɗauka, ta ma fi kowa iya shi. Ina jin wannan ƙirji da zai iya ɗaukar baiti biyu a jere yana tsayawa yana haki a inda ba dalili, ina kuma jira da yatsuna kamar kullum. Wannan karon na san abin da nake yi laifi ne, domin wannan ba 'yar mai kantin magani ba ce. Ta bar aikin masana'anta saboda waƙa, ba ta da wata madafa.

A shekara ta huɗu gidan opera ya sa ranar gwajin sababbin muryoyi. Wanda ya ci, za a ba shi wasa a kakar wasannin da ke tafe. Wanda ya faɗi kuwa, sunansa yakan riga shi isa sauran garuruwa. Dokar gwajin ita ce mai fiyanon gidan ne zai kaɗa wa kowa, ba a zuwa da na gida. Da na ji haka na san asirina ya kusa tonuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ko a nan ma ban faɗa wa Maestra ba. Abin da na yi ya fi shirun muni: na je na sami mai fiyanon a shagon kofi, wani siririn mutum mai tabarau, na nuna masa wurin a takardar kiɗa na ce don Allah ya ɗan jira a nan. Ya dubi takardar ya dube ni ya ce, "Ermes, ni abin da aka rubuta nake kaɗawa. Ka ga an rubuta a jira?"

Ƙarfe goma na safe aka yi gwajin. Ni da Maestra muka zauna can baya a zauren da babu kowa sai alƙalai uku a gaba. Na tsakiyarsu Oreste Pelagatti ne, tsohon mawaƙi da shi ma ya koma koyarwa. Shi ne yake tsaye kusa da ita a dandamali waccan Lahadin, kuma ta rantse ta ga gemunsa yana rawa da dariya. Kusan shekara ashirin ba ta ko amsa gaisuwarsa.

Doriana ta fara. Na ga alƙalan sun gyara zama, ɗaya ya ajiye alƙalaminsa. Maestra ta kama hannun rigata ta matse. Aka zo dogon baitin. Yarinyar ta ɗauko shi da kyau, ta kai tsakiya, ta tsaya ta saci numfashinta, kafaɗar ta ɗaga. Fiyano bai jira ba. Ta dawo ta tarar kiɗan ya wuce ta, ta bi shi da gudu, ta isa sama a gurguje, sautin ya tsage. Baitin ya sake zagayowa, ta sake yin haka.

Pelagatti ya ɗaga hannu. "Ya isa. 'Yata, an taɓa yi miki aiki a huhu?"

"A'a, Maestro."

"To da huhun wa kike waƙa?"

Yarinyar ta tsaya tana kallonsa, ba ta gane ba. Shi kuwa ko waiwayowa bai yi ba, alhali ya san wa ke zaune a baya. Ya ce, "Ɗalibar Cavatorta ce ke, ba sai an faɗa min ba. Ke ce ta shida da na ji. Dukanku a wuri ɗaya kuke haki, kamar an auna muku da zare. Kin fi su duka murya, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Je ki."

Muka taka zuwa gida. Maestra ta sallami Doriana a bakin gada. Da muka hau ɗaki ko rigar sanyi ba ta cire ba ta ce, "Zauna ka kaɗa min. Yadda aka rubuta za ka kaɗa, Ermes, ba yadda ka saba ba."

Sai da na yi kokawa da yatsuna kafin suka yarda. Ta rera, ta zo wurin, ta tsaya, na wuce. A karo na farko cikin shekara goma sha takwas ta ji ramin da kunnenta.

"Tun yaushe?"

"Tun farko, Maestra."

"Duka yaran?"

"Duka."

"Kai kuma ka sani."

Na ce na sani. Na ce da na faɗa, da ta daina waƙa. Ban taɓa jin maganar da ta fito daga bakina ta yi ƙanƙanta haka ba.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Mai waƙa ba ya jin kansa, ka fi kowa sani. Kai ne kunnena. Sai ka zauna nan ka bar ni ina raba wa 'ya'yan mutane ciwona don kada in yi kewa." Ta rufe murfin fiyano da kanta. "Gobe ƙarfe tara. Kada ka makara."

Wata guda ta yi tana neman gyara ɓarnar da hannunta. Ta daina rerawa, sai bayani da baki da nuni da hannu. Doriana ta gane matsalar, tana kuma so ta gyara, amma da an zo wurin sai ta tsaya. Muka rasa dalili, har ran nan na lura: ko da Maestra ta rufe baki gam, kafaɗarta takan ɗaga da kanta a daidai wurin, yarinyar kuma idonta yana kanta. Wannan karon na faɗa nan take. Maestra ta juya baya, bai yi ba. Ta koma bayan ƙofa ta tsaya, yarinyar ta ce tana jin numfashinta ta cikin katako. Shekara huɗu ta yi tana shaƙar iska tare da matar nan, ba ta iya shaƙa ita kaɗai a gabanta ba.

Wata safiya Maestra ta sa rigarta mai kyau da hular da take zuwa jana'iza da ita, ta ce in raka ta. Gidan Pelagatti muka je. Na tsaya a bakin titi, ta shiga ita kaɗai. Ban san abin da ta haɗiye a ciki ba, ba ta kuma taɓa faɗa min ba. Da ta fito ta ce kawai, "Ya yarda zai karɓi Doriana. Gemun ma ya yi fari, tsohon banza."

Faɗa wa Doriana ya fi wuya. Yarinyar ta durƙusa ta rungume ƙafafunta tana cewa ita ba inda za ta je, gara ta koma tumatir.

"Tashi, kina ɓata min safa," in ji Maestra. "Ki saurare ni. Daga yau ba ke ba benen nan. In kin gan ni a kasuwa ki canza hanya. In an tambaye ki wa ya koya miki, ki ce Pelagatti, domin sunana kaɗai ya isa ya sa su fara kasa kunne suna jiran hakin."

"Maestra, ke ce kika ba ni komai."

"Na ba ki, har da abin da bai kamata ba. Abin da ya rage a hannuna ciwo ne kawai. Je ki, kada in sa Ermes ya jefa ki ta taga."

Muna jin takunta har ƙasa, tana kuka. Maestra ta tsaya a tsakiyar ɗaki har aka rufe ƙofar titi, sannan ta ce min, "Wace ɗaliba ke biye?"

Daga ranar ban sake jin muryarta a waƙa ba, ko a coci, ko tana wanke kwano. Ta ci gaba da koyarwa da baki da hannu, tana zaune a bayan ɗalibai inda ba za su gan ta ba. Waɗanda suka zo daga baya sun fita da numfashinsu lafiya, amma sun yi kaɗan, domin mutane da ma muryarta suke hawowa ji. Tsufa ya sauko mata lokaci ɗaya. Abin da na ji wa tsoro shekara goma sha takwas ya faru a idona, kuma shiruna bai hana shi ba, sai dai ya sa aƙalla yara shida sun biya kuɗin jinkirin da muryoyinsu. Ta rasu shekara takwas bayan wannan, a hunturu, huhun ne dai. Allah ya jiƙanta.

Amma kafin nan, shekara uku bayan rabuwarsu, Doriana ta samu wasanta na farko a garinmu, ranar Lahadi da rana. Ta aiko da tikiti biyu na layin gaba, ba wasiƙa, ta kiyaye umarnin Maestra. Maestra ta ba mai gyaran takalmi da matarsa. Mu kuwa ta sa na nemo mana kujerun da ba mai so, can gefe a bayan ginshiƙi, inda ba a ganin dandamali sai an leƙa. Ta ce, "In ta hango kafaɗata, aikin shekara uku ya tashi a banza."

A takardar shirin an rubuta cewa ɗalibar Maestro Pelagatti ce. Maestra ta karanta ta ninke ta sa a jaka.

Aka zo dogon baitin. Zauren ya yi tsit. Doriana ta ɗauko shi tun daga ƙasa, tana tafiya da shi a hankali, ta kai tsakiya. A gefena na ji Maestra ta ja ɗan numfashin nan nata, yatsuna ma suka dakata a kan gwiwata. Mu biyu kaɗai muka tsaya a duk gidan. Muryar ba ta tsaya ba, ta wuce wurin kamar ba a taɓa yin rami a nan ba, ta hau har ƙololuwa ta zauna daram. Gidan ya ɗauka da tafi, benen sama har da buga ƙafa.

Maestra ba ta tafa ba. Ta jingina kanta da ginshiƙin, hawaye yana bin fuskarta.

"Ka ji, Ermes?"

"Na ji, Maestra."

"Ka tabbata? Kada ka sake rufa min asiri."

Na ce na tabbata, ban ji komai ba sai waƙar yadda aka rubuta ta.

Ta gyaɗa kai. "Madalla," in ji ta. "Ko ɗigona babu a ciki."

Na leƙa ta gefen ginshiƙin. Doriana tana tsaye a bakin dandamali, ana jefa mata furanni, ita kuwa ba furannin take kallo ba. Ta dubi layin gaba ta ga mai gyaran takalmi, sai ta shiga bin kujeru da ido, layi bayan layi. Na ce, "Maestra, ke take nema."

Ta ƙara matsawa bayan ginshiƙin ta ja ni da hannu. "Zauna, kada ta gan ka ta gane. Akwai sauran waƙa a gabanta."